Horon Motar Gidan Maikasuwa

Haladu direba ya bar Kazaure yana fushi, kuma iya sanina har yau fushin bai sauka ba. Idan ka tambayi mutanen unguwarmu za su ce maka a kan mota ne. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu tun muna da baƙin gashi. Zan faɗi abin da na gani da wanda aka ba ni labari, kowa ya auna da kansa.

Asalinsa mutumin Gwiwa ne, ɗan gidan masu shanu da suka zauna suka kama noma. Mahaifinsa ya yi suna wajen horon shanun huɗa. Akan kawo masa ɗan bijimi mai tsalle da tunkuyi, ya mayar da shi mai tafiya a miƙe daga wannan bakin gona zuwa wancan. Haladu ya tashi yana riƙe masa igiya. Tun yana ƙarami ya san ba a ɗaura wa ɗan bijimi garma a ranar farko. Ana fara saba masa da karkiya, sannan ya ja ƙaramin gungume, sannan babba, sai wuyansa ya yi ƙwari kafin ya ga ƙarfe.

Da ya zama saurayi ya shigo gari ya koyi tuƙi. Alhaji Maikasuwa, mai fataucin hatsi da dabbobi tsakanin Kazaure da Babura, ya ɗauke shi direban gida. Ba a jima ba Alhaji ya sayo Fijo sabuwa fil daga Kaduna. Makanikan lokacin suka ce sabon inji sai an lallaɓa shi har ƙarafansa su saba da juna. Suna da wani suna na Turanci da suke kiran abin. Haladu ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "Au, horo kuke nufi."

Ya yi mata horon kuwa. Ba lodi, ba gudu, ba a haura tudun Roni da ita da mutane cike. Masu keke suna wuce su a hanya. Alhaji yakan leƙa ta taga ya ce, "Haladu, ko in sauka in riga ka zuwa ne?" Shi kuma ya ce, "Alhaji, yarinya ce tukuna." Da ya ga ta isa, ya zubar da baƙin man farko ya zuba sabo, sannan ya sake mata.

Motar nan ta daɗe. Ita ta kai 'ya'yan gidan makaranta, ita ta kai amaren gidan ɗakunansu, ita ta ɗauko Alhaji daga asibitin Kano ranar da ya dawo a kwance. Duk wanda ya yaba ƙarkonta, Haladu yakan shafa bonet ya ce, "Horo ne." Ban taɓa jin ya ce gwanintarsa ce ba.

Bayan rasuwar Alhaji gidan ya koma hannun babban ɗansa, Muhsin, ma'aikaci ne a Dutse, sai ƙarshen mako yake zuwa. Yaron ba shi da mugun hali. Yana da sauri dai, irin na masu riƙe waya biyu. Haladu ya ci gaba da kai uwarsa, Hajiya Dela, asibiti da gidajen biki da na gaisuwa a tsohuwar Fijo, har ranar da Muhsin ya sayar da ita ga wani mai jigilar kaji. Bai yi shawara da kowa ba. Ya ce ai albishir yake so ya yi wa Baba Haladu.

Albishir ɗin ya iso da hantsi, wani direban masu sayar da motoci ya kawo shi daga Kano. Ba irin sabuwar da muka saba gani ba ce, wadda ta gama yawonta a ƙasar Turawa ta biyo ta Kwatano. Wannan kujerunta ma da ledarsu. Unguwa ta taru. Muhsin ya shiga da abokansa suna danne-danne, gilashi na sauka yana hawa, wata murya na magana daga ciki. Haladu yana tsaye can baya, hannu a goye. Da aka gama, Muhsin ya cilla masa wani abu baƙi mai kamar akwatin ashana.

"Baba Haladu, ga amaryarka."

Haladu ya jujjuya abin a tafin hannunsa. Ba haƙori, ba tsini, ba inda za a zura shi. Ya jefa a aljihun riga. Ya ce, "Sai an yi mata horo."

Muhsin ya yi dariya. "Wane horo kuma, Baba? Mai motar ya ce na zamani ba sa buƙatar wannan. Tun daga masana'anta an gama komai. Ka shiga ka taka kawai."

"Mai sayarwa ai haka zai ce," in ji Haladu. "Idan ta mutu shi za a sake koma wa."

Muhsin ya koma Dutse. Motar ta kwana biyu a inda aka ajiye ta. Haladu ya wanke ta safe da yamma, ya shiga ya zauna, ya rufe ƙofa, ya daɗe a ciki, ya fito. Ban ji ƙarar inji ba. Da Hajiya ta aiko a tambaya, ya ce ta sha doguwar tafiya, ana barinta ta huce.

Rannan ya ce in raka shi garejin Zaharadeen, makanikin da ya daɗe yana duba Fijo. Muka zauna a benci. Aka yi gaisuwa, aka yi zancen damina, aka yi zancen tsadar taki. Can Haladu ya ce, yana kallon wani waje, wai wani direba ne a Roni ya ce ya tambayar masa, irin motocin nan masu maɓalli, me ke sa a danna su ƙi tashi.

Zaharadeen ya ci gaba da goge sifana. Ya ce, "Baba, ka ce wa mutumin Roni ya taka birki tukuna sannan ya danna. Kuma makullin ya kasance a jikinsa, ko a aljihu ma ya isa. Ka ce masa ƙafar hagu ba ta da aiki, ya naɗe ta ya ajiye. Motar ita ke canja giyarta."

"Zan gaya masa," in ji Haladu.

A hanyar komawa ya yi ta faɗa. Wai an yi mota don malalata. Wai direban da ba ya sa giya da hannunsa ba direba ba ne, fasinja ne da aka ba kujerar gaba. Na ce haka ne.

Washegari motar ta tashi. Daga nan kullum bayan an idar da sallar asuba, kafin hanya ta cika, sai ya fito da ita ya zaga bayan gari ta gefen dutse, a hankali kamar mai rakiyar tsohuwa. Sau ɗaya ya ɗauke ni. Muna cikin tafiya, daidai inda da Fijo ce zai sa giya ta biyu, na ga ƙafarsa ta hagu ta zabura neman kuloci ta danne birki, hannunsa na dama ya kai wa iska cafka. Motar ta tsaya cak, goshina ya bugi gaba, hulata ta faɗi.

"Ka gani ko?" in ji shi, yana huci. "Turjiya take yi. Duk sabon abu haka yake. A ce wai ba ta buƙatar horo!"

Na ɗauki hulata na kaɗe.

Horon ya yi tsawo. Hajiya ta koma hawa a-daidaita-sahu zuwa asibiti, ga sabuwar mota a ƙofar gida. Ba ta yi ƙorafi ba, don ta san Haladu tun tana amarya. Amma labari ya kai Dutse.

Sai ga sunan jaririn Bahijja, ƙanwar Muhsin da ke aure a Babura. Maza sun tafi tun da sassafe a motar haya don raɗin suna. Mata za su bi da hantsi da abincin wuni. Muhsin ya tsaya don ya tafi da uwarsa a sabuwar mota. Ina zaune a dakalina ina kallo. Haladu ya tayar da inji ya zauna a mazauninsa. Mata suka fara fito da kaya: manyan kuloli na shinkafa da miya, bokitan cincin, buhun gero, ga su kansu, manya-manyan mata, kowacce da jakarta.

Haladu ya fito ya tsaya a gaban but, inda ake zuba kaya.

"Ba za a yi mata wannan lodin ba."

"Baba, mun makara," in ji Muhsin.

"Hajiya da mutum ɗaya, sai kula ɗaya. Sauran su bi motar haya. Kuma ba zan wuce tafiyar da na saba ba."

"Tafiyar da ka saba? Sai la'asar ke nan mu isa Babura! Abincin mutane ne fa a nan."

"To a kashe ta a yini ɗaya don shinkafa?"

"Ba abin da zai same ta! Na tambayi masu motar, na tambayi injiniyoyi a wurin aikinmu. Wannan tsohon zance ne, na zamanin Fijo."

"Zamanin Fijo ne ya kai ka makaranta, Yallaɓai."

Bai taɓa kiran yaron Yallaɓai ba. Muhsin ya ji ta. Ya share gumi, ya sassauta murya, ina jin a ganinsa gyara zancen zai yi. Ya ce, "Baba Haladu, mu faɗi gaskiya. Ba motar ce ke buƙatar horo ba, kai ne. Idan mun dawo zan kai ka Kano a ba ka horo na mako ɗaya, shi ke nan."

Wata daga cikin matan ta yi dariya, ta rufe baki da mayafi. Dariyar ba ta da tsawo, amma kowa ya ji.

Na ga wuyan Haladu ya kumbura. Ya dubi Muhsin, ya dubi matan, ya dubi ƙofar gidan da ya yi rayuwarsa yana jira a bakinta.

"Ni za a yi wa horo?"

"Baba, ba haka..."

"Ni? Da na goya ka a wuyana ranar da ka ƙi shiga aji? Ubanka bai taɓa ɗaga mini murya ba har ya koma ga Allah. Yau a gaban mata za a ce a kai ni a hore ni? To ga ka ga motarka. Ka kashe ta, ka huta."

Ya juya ya tafi. Hajiya ta kira shi daga zaure, bai waiwaya ba. Muhsin ya yi tsaki, ya sa aka loda kayan har but ɗin ya ƙi rufuwa sai da aka danna, matan suka shiga, ya zauna a mazaunin direba. Injin dama yana aiki. Ya ja ta da ƙarfi har tsakuwa ta watsu. Na ji wata ƙara ta ƙit-ƙit tana fita daga cikinta sa'ad da suke wucewa. An ce mini ya ɗauka ƙarar bel ce, don matan ba wadda ta ɗaura.

Haladu ya zo zaurena ya zauna. Bai sha ruwan da aka kawo ba. Ya yi ta magana, rabi da ni rabi da bango. Wai shi bijimi ne da za a huda wa hanci? Wai yaro ne da ya yi sata? Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu, yana ganin sunan Muhsin yana kifewa. "Ta fara ba shi wuya," in ji shi. "Na faɗa. Ko Achilafiya ba za ta kai ba."

Rana ta take sai ga Zaharadeen a kan babur, ko kashe shi bai yi ba.

"Baba, makullin! Muhsin ne ya kira ni, suna gidan mai kusa da Achilafiya. Ya kashe ta don a zuba mai, ta ƙi tashi. Ta tare famfo, masu motoci sai zagi suke yi, Hajiya na cikin rana."

"Wane makulli? Ba a kunne na bar masa ita ba?"

"Duba aljihunka, Baba."

Ya zura hannu. Ya fito da ɗan baƙin abin nan. Ya daɗe yana kallonsa. A duk rayuwarsa, direban da ya bar mota a kunne ya bar makulli a jikinta ke nan. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kuma ba na so in sake gani.

Zaharadeen ya miƙa hannu ya ce shi zai kai. Haladu ya ce a'a, shi ya taho da shi, shi zai mayar. Ya hau bayan babur suka tafi.

Abin da ya faru a can, Zaharadeen ne ya ba ni labari. Sun tarar an tura motar gefe, mutane sun kewaye ta, kowa da shawararsa. Matan suna raɓe a inuwar katanga, mai ya fara daskarewa a kan miya. Muhsin na ganinsu ya taho, rigarsa jiƙe.

"Da gangan ka yi! Don ka nuna mini iyakata, ka bar uwata a rana!"

Haladu ya sauka daga babur a hankali. Ya ajiye makullin a kan bonet. Ya ce, "Ni na bar Hajiya a rana? Ni? Tun ba a haife ka ba nake riƙe makullin gidanku. Ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Da safe ni bijimi ne, yanzu kuma na zama mugu."

Sai Hajiya Dela ta taso, tana dafa wata. Ta ce wa ɗanta ya rufe mata baki. Ta juya ta ce, "Malam Haladu, ka yi haƙuri, yaro ne. Shiga ka ja mu. A yadda ka ga dama, ko da magariba za mu isa. Ni ba na son tuƙin kowa sai naka."

Zaharadeen ya ce mutane sun ja baya. Muhsin ma ya matsa daga bakin ƙofar. Haladu ya dubi kujerar direba. Ya dubi maɓallin nan. Ya dubi kulolin miya da aka jera har saman kujerar baya, da masu sayar da mai, da 'yan acaɓa, da direbobin haya da suka san shi tun zamanin Fijo, duk sun zuba masa ido. Zaharadeen ya ce ya ga ƙafarsa ta hagu tana motsi a cikin takalmi.

"Hajiya, ki yafe ni," in ji shi. "Ba na tuƙa abin da ba a horar ba."

Ya tsallaka titi ya tsayar da motar haya mai komawa Kazaure. Wannan ce ranarsa ta ƙarshe a aikin gidan Maikasuwa.

Bayan kwanaki Muhsin ya zo har gida da wani kawunsa ba da haƙuri. Ya durƙusa. Ya ce wallahi shi horo irin na wurin aiki yake nufi, wanda ake tura manyan ma'aikata otal su zauna a sanyi a koya musu sabon abu, har da kuɗin abinci. Ya ce shi kansa bana sau biyu aka tura shi horo. Na yarda da yaron. Haladu ya bar shi ya gama.

"A gidanmu," in ji shi, "abu biyu ake yi wa horo. Bijimi, da yaron da ya yi laifi. Wanne ne ni a ciki?"

Kawun ya yi ta magana. Ba a samu amsar da ta shige shi ba.

Haladu ya zauna a Kazaure har damina ta wuce yana jiran motar ta mutu. Duk sanda ta wuce sai ya karkata kunne. Ta je Dutse, ta je Kano, ta je Babura da lodi ta dawo. Wani matashi aka ɗauka yana tuƙa Hajiya, yana taka ta kamar ya samu a hanya. Ba ta yi hayaƙi ba, ba ta yi tari ba. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Na taɓa tambayar Zaharadeen, tsakani da Allah, wa ke da gaskiya. Ya ce injin yanzu ana gyare shi sumul tun daga can, ba kamar na da ba, don haka ba ya son dogon lallaɓawa irin na Baba. Amma ya ce masu ƙera su ma suna cewa a farko kada a cika mata wuta, kada a danƙara mata kaya, a bar birki da taya su zauna. Ya ce, "Kowa da ɗan rabonsa. Amma Malam, kai ma ka san ba wannan ce maganar ba." Na ce masa ni ban san komai ba.

Da kaka Haladu ya kwashe iyalinsa ya koma Gwiwa, gidan mahaifinsa. Ya gyara turken da ya daɗe a kwance. Yanzu ana kawo masa 'yan bijimai daga ƙauyukan kewaye, har daga Roni.

Na kai masa ziyara kafin saukar ruwan bana. Na tarar da shi a wani fili can bayan gari, nesa da hanya, shi kaɗai da wani ɗan jan bijimi yana jan gungume. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ta fara shan baƙin mai?"

Na ce ba ta fara ba.

Ya yi tsaki mai tsawo. "Za ta fara. Su ci gaba."

Bijimin ya yi tuntuɓe, ya rikice, igiya ta harɗe masa ƙafa, ya tsaya yana rawar jiki. Haladu bai ɗaga sanda ba. Ya durƙusa ya warware igiyar, yana shafa masa wuya, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa da Fillanci. Daidai nan wasu mutum biyu masu dawowa daga kasuwa suka ratso, suka tsaya kallo, ɗaya ya fara murmushi. Haladu ya miƙe da tsawa kamar zai dake su.

"Ku wuce! Me kuke kallo? Ba a horo a gaban mutane!"

Suka wuce suna waiwaye. Ya koma ya tsuguna wajen bijimin, ya ba ni baya. Na ga ni ma mutum ne, sai na matsa can gindin wata tsamiya na zauna inda ba zan gan su ba, har suka gama.